Yadda Matashi Zai Shirya Wa Aiki Mai Albashi Mai Tsoka

Albashi mai tsoka yana zuwa ne idan abubuwa uku suka haɗu a kan mutum ɗaya. Akwai wata matsala da ke cinye wa masu ɗaukar aiki kuɗi ko lokaci, masu iya warware ta ba su da yawa, sannan wanda ya zo neman aikin yana riƙe da shaidar da za a duba a gamsu cewa zai iya. Duk shirin da zan shimfiɗa maka a nan, ƙanena, ke ma ƙanwata, a kan waɗannan ukun ya tsaya, kuma na ukun ne matasa suka fi yin sakaci da shi.

Karatu yana biya, wannan babu ja. Nazarin da George Psacharopoulos da Harry Patrinos suka yi wa Bankin Duniya a 2018 ya nuna cewa idan aka haɗa ƙasashe aka ɗauki matsakaici, kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ɗaga abin da mutum ke samu da kusan kashi 9 cikin ɗari. Sai dai a cikin wannan matsakaicin akwai wanda digirinsa ya buɗe masa ƙofofi, akwai kuma wanda nasa ke kwance a akwati shekara da shekaru. Abin da ya fi raba su shi ne abin da kowannensu ya yi a gefen lacca, lokacin da yake ɗalibi.

Mataki na farko: ka fara daga tallan aiki

Yawancin matasa suna zaɓen kwas tukuna, sai bayan sun kammala su tambayi wane aiki ake yi da shi. Kai ka juya abin. Ka zaɓi sana'o'i biyu ko uku da ranka ke so, ka shiga shafukan neman aiki na intanet irin su LinkedIn ko Indeed, ko shafukan kamfanonin kansu, ka tara tallan aiki ashirin na kowace sana'a. Kada ka tsaya kan na masu farawa kaɗai, ka haɗa da na waɗanda suka yi shekara biyar zuwa goma a bakin aiki, domin a nan ne za ka ga inda hanyar ta nufa.

Ka samu littafin rubutu ka ja layi gida uku. A gida na farko ka rubuta takardun da ake nema: digiri, lasisi, satifiket. A na biyu ka rubuta abin da ake so mutum ya iya yi da hannunsa ko da kwamfuta. A na uku ka rubuta shekarun gogewa. Duk abin da ya sake fitowa a wani tallan, ka sa masa alama a gefe. Kafin ka kai talla na goma sha biyar za ka ga abubuwa huɗu ko biyar sun tara alamomi, sauran kuwa sau ɗaya ko biyu suka leƙo. A ce aikin nazarin bayanai kake dubawa: da wuya ka gama ba ka ga Excel da SQL da Python, wato kayan aikin sarrafa bayanai a kwamfuta, sun cika shafin ba, tare da iya bayyana sakamako ga mutanen da ba su san lissafi ba. Waɗannan da suka tara alamomi su ne manhajar karatunka ta gaskiya, ko makarantarku tana koyar da su ko ba ta koyarwa.

Idan kana son cikakken bayanin yadda ranar mai wata sana'a take, hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka tana da kundin sana'o'i a intanet kyauta, akwai kuma shafin O*NET. Suna zayyana ayyukan kowace sana'a, karatun da take buƙata, da hasashen ko buƙatarta za ta ƙaru ko za ta ragu nan da shekara goma. Alƙaluman albashin da ke ciki na Amurka ne, kada ka ɗora lissafinka a kansu idan a wata ƙasa kake, amma bayanin aikin kansa yana da amfani a ko'ina.

Wata tambaya kuma da za ka yi wa kanka tsakaninka da Allah: ɓangaren aikin nan mai gundura, zan iya jure shi? Lauya ya fi ɓata lokaci kan karanta takardu fiye da tsayuwa gaban alƙali. Mai rubuta manhaja yakan wuni yana neman kuskure ɗaya a cikin layuka dubu. Likita yana kwana a asibiti ranar da kowa ke hutu. Wanda ya shiga sana'a don kuɗinta kawai, alhali yana ƙin aikinta na yau da kullum, da wuya ya daɗe har ya kai matakin da kuɗin ke fitowa.

Mataki na biyu: ka san irin ƙofar da sana'ar take da ita

Sana'o'i masu albashi mai kyau iri biyu ne, kuma shirin kowanne daban.

Akwai masu ƙofa ɗaya, wadda doka ke gadi. Ba ka zama likita ko lauya ko mai haɗa magunguna ko matuƙin jirgin sama sai ka bi hanyar da aka shata, hukuma ta ba ka lasisi. A ƙasashe da yawa karatun likita shekara biyar ko shida ne bayan sakandare, sannan shekarar aiki ƙarƙashin kulawar manya, sannan wasu shekarun idan kana son ƙwarewa a fanni guda. A Amurka sai ka yi digirin farko na shekara huɗu, ka yi wasu huɗun a makarantar likitanci, sannan horon asibiti na shekara uku zuwa bakwai. Matuƙi kuwa yana buƙatar awa 1,500 a sama kafin ya samu babban lasisin tuƙa jiragen fasinja, ga kuma gwajin lafiya mai tsauri. Ka yi wannan gwajin lafiyar tun kafin a kashe maka ko sisi a makarantar tuƙi, domin matsalar ido ko ta zuciya tana iya rufe hanyar gaba ɗaya. A irin waɗannan sana'o'i, babban abin da za ka tabbatar kafin ka karɓi gurbin karatu shi ne cewa hukumar da ke kula da sana'ar ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin. Ka shiga shafin hukumar da kanka ka nemi sunan makarantar, kada ka dogara da abin da aka buga a takardar talla. Babu baƙin cikin da ya kai mutum ya gama shekara biyar sannan a ce masa ba zai zauna jarrabawar lasisi ba.

Akwai kuma masu ƙofofi da yawa: rubuta manhaja, tsaron intanet, nazarin bayanai, zanen kayayyaki, kula da manyan ayyuka, tallace-tallacen kamfanoni. A nan digiri yana taimakawa, amma abin da ka taɓa yi shi ne ke magana. Shiga ta fi sauƙi, saboda haka cunkoso ya fi yawa a bakin ƙofa, kuma wanda ba shi da abin nunawa yakan ɓace a cikin taro.

Ka rubuta hanyar sana'arka shekara bayan shekara a shafi ɗaya, tare da abin da kowane zango zai ci, ka zauna da iyayenka ko mai ɗaukar nauyinka ku duba tare. Gara a san nauyin tun yanzu a nemi tallafin karatu da wuri, da a tsaya a tsakiyar hanya.

Mataki na uku: ka gyara tushe

Abu huɗu ne kowace babbar sana'a ke tsaye a kansu: lissafi, rubutu mai ma'ana, harshen da ake aiki da shi a fannin, da sarrafa kwamfuta. Idan lissafinka yana da rauni, ka koma baya ba tare da jin kunya ba. Khan Academy tana koyar da shi kyauta tun daga tarawa da ɗebewa har zuwa matakin jami'a. Rubutu kuwa ana gyara shi ne da yin sa: duk abin da ka karanta, ka taƙaita shi cikin sakin layi ɗaya, ka ba wani ya karanta, ka tambaye shi abin da ya fahimta. Idan abin da ya faɗa ya saɓa da nufinka, gyara yana wurin rubutun.

Yadda kake karatun ma abin dubawa ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam a Jamus, ya nuna cewa mutum yana mance kaso mai yawa na sabon abin da ya haddace cikin ɗan lokaci idan bai waiwaye shi ba. Maganin shi ne ka rufe littafi ka tambayi kanka, ka sake yin haka gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Manhajar Anki an gina ta ne a kan wannan tsari, kuma ɗaliban likitanci da yawa da ita suke haddace dubban sunaye. Awa ɗaya kullum ta wannan hanya ta fi kwanan zaune ana gobe jarrabawa.

Mataki na huɗu: ƙwarewa ɗaya mai zurfi, da shaidarta

Wannan shi ne zuciyar shirin, a nan nake so ka fi zage damtse. Daga cikin abubuwan da suka tara alamomi a littafinka, ka ɗauki ɗaya ka zauna a kansa wata shida zuwa shekara, har ka wuce matsayin mai ɗanɗano. Matsalar da nake yawan gani ita ce tsalle-tsalle: wannan watan ana koyon zane, wata mai zuwa an koma tsaron intanet, bayan nan an ji ana maganar wani sabon abu an bi. Shekara ta ƙare, an san sunan komai, ba a iya komai ba.

Kayan koyo ba su taɓa yin arha kamar yanzu ba. A 2001 jami'ar MIT ta sanar da cewa za ta zuba darussanta a intanet kyauta, kuma har yau suna nan a OpenCourseWare. Jami'ar Harvard tana ba da darasinta na shiga ilimin kwamfuta, CS50, ga duk mai so ba tare da biya ba. freeCodeCamp, shafin koyon rubuta manhaja, kyauta ne. Coursera da edX, waɗanda aka kafa a 2012, suna da darussan manyan jami'o'i, kuma ana iya neman rangwame idan babu hali. Amma ka kwana da sanin cewa kallon bidiyo yana ba mutum jin kamar ya iya. Gwajin gaskiya shi ne ka rufe bidiyon ka yi abin da kanka, daga farko, ba mai riƙe maka hannu.

Saboda haka duk abin da ka koya, ka mayar da shi aikin da wani zai iya gani. Mai koyon nazarin bayanai ya sauke alƙaluman da Bankin Duniya ko Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kyauta, ya ɗauki tambaya guda, misali yadda mace-macen ƙananan yara ya sauya a ƙasashe biyar cikin shekara ashirin, ya tsaftace bayanan, ya zana jadawali, ya rubuta shafi biyu na abin da ya gano da abin da alƙaluman ba za su iya tabbatarwa ba. Mai koyon rubuta manhaja ya gina ƙaramar manhajar da wani mutum na gaske zai yi amfani da ita, ko da ta ajiye lissafin wata ƙungiyar ɗalibai ce, ya ɗora ta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, da bayanin yadda take aiki. Ɗalibin injiniya ya ɗauki hotunan abin da ya ƙera, ya haɗa da zanensa da lissafinsa da inda ya gaza a gwajin farko da yadda ya gyara. Ɗalibin lauya ya shiga gasar kotun gwaji, ya rubuta sharhi kan hukunce-hukunce. Gani ya kori ji: aiki uku da aka kammala tsaf sun fi satifiket goma na halartar bita.

Game da ƙirƙirarriyar basira, tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022 matasa ke tambaya ko akwai sauran amfanin koyon wasu abubuwan. Ra'ayina shi ne ka koyi aiki da waɗannan manhajoji sosai, domin wuraren aiki sun fara ɗaukar haka a matsayin abin da kowa ya kamata ya iya. Amma kada ka bari su yi maka aikin da kake ƙoƙarin koya. Suna yin kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma wanda ake biya da kyau shi ne wanda ya san fannin har zai iya gane kuskuren ya ɗauki alhakin gyara shi.

Mataki na biyar: ka shiga wurin aiki tun kana ɗalibi

Kusan kowane talla yana neman gogewa, har na masu farawa. Hanyar fita daga wannan tarko ita ce aikin sanin makamar aiki a lokacin hutu, aikin sa-kai, ko taimaka wa malami a bincikensa. Ka fara nema wata huɗu zuwa shida kafin hutun, domin manyan kamfanoni suna rufe karɓar takardu da wuri. Ƙaramin wuri ma kada ka raina shi, sau da yawa a can ne ake damƙa wa sabon shiga aiki na gaske. Idan ka shiga, ka iso kan lokaci, ka rubuta duk umarnin da aka ba ka, ka cika alkawari, kuma idan ka ga ba za ka gama a ranar da aka sa ba, ka faɗa tun kafin ranar ta zo. Kafin ka tafi, ka roƙi wanda ya kula da kai ya rubuta maka takardar shaida tun yana tuna aikinka.

Mataki na shida: mutane

Guraben aiki da yawa ana cike su ne ta hanyar wani ya ambaci sunan wani. Wasu matasan suna jin haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce ai su ba su da kowa. To ga abin da bincike ya gano. A 1973 Mark Granovetter, masanin zamantakewa a Amurka, ya wallafa nazarin da ya nuna cewa waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, galibinsu ta hannun mutanen da suke gani jefi-jefi suka samu, ba aminansu na kullum ba. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, wanda kuke gaisawa daga nesa kuwa yana yawo a inda ba ka zuwa, yana jin labarin da ba ya iso ka. A 2022 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, shi ma ya ƙarfafa wannan magana. Irin wannan sanayya kuwa kowa yana iya gina ta, ɗan kowa da ɗan talaka.

Ka fara da tsofaffin ɗaliban makarantarku da ke aikin da kake so, da malamanka, da ƙungiyar ƙwararru ta fanninka, wadda yawanci tana da rijistar ɗalibai mai rangwame. Idan za ka tura wa wani saƙo, kada ka buɗe da roƙon aiki, kuma kada ka rubuta gaisuwa kawai ka zauna jiran amsa. Ka rubuta wani abu kamar haka:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a aji uku, ina karanta lissafin kuɗi a makarantar da ka gama. Na karanta bayanin da ka yi kan binciken asusun kamfanoni, kuma fannin da nake son shiga ke nan. Idan za ka samu minti goma sha biyar a cikin makonni biyu masu zuwa, ina da tambayoyi uku kan yadda ka fara da abin da ya kamata in koya kafin in kammala. Idan lokaci bai ba da dama ba, na gode da karanta saƙona."

Wasu ba za su amsa ba, kada ka riƙe su a zuci, aiki ne ya yi musu yawa. Wanda ya amsa, ka je da tambayoyinka a rubuce, kada ka wuce lokacin da ka roƙa, ka yi godiya washegari. Abin da ya fi duka tasiri shi ne ka koma bayan wata biyu ko uku ka gaya masa cewa shawarar da ya ba ka ka bi ta, ga abin da ya fito. Mutane kaɗan ne ke yin haka, kuma wanda ya yi, shi ake tunawa ranar da gurbi ya buɗe.

Mataki na bakwai: satifiket na ƙwararru da digiri na biyu

Satifiket yana da daraja ne idan sunansa ya fito a tallan da ka tara. Akanta mai son aiki a ƙasashe daban-daban zai ci karo da ACCA, mai jarrabawa 13 da sharaɗin gogewar wata 36, kodayake ana yafe wa mai digirin fannin wasu daga cikin jarrabawar. Mai son harkar zuba jari zai ga CFA, mai matakai uku, kuma masu shirya ta suna ba da shawarar karatun kusan awa 300 a kowane mataki. Mai haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta zai ga CCNA ta kamfanin Cisco, wadda ake sabuntawa duk shekara uku. PMP ta masu kula da manyan ayyuka tana buƙatar mai digiri ya yi wata 36 yana jagorantar aiki, saboda haka ba ta ɗalibi ba ce tukuna. Ka lura da wannan bambanci, domin akwai masu sayar da kwasa-kwasan shiri ga mutanen da ba su ma cika sharaɗin zama jarrabawar ba.

Digiri na biyu kuwa, ban goyi bayan a yi shi don gudun zaman gida ba. Ya fi amfani bayan shekara biyu ko uku na aiki, lokacin da ka san ainihin gibin da kake son cikewa. Manyan tallafin karatu ma haka suke so: Chevening ta Birtaniya tana neman gogewar aiki ta shekara biyu. Akwai DAAD ta Jamus, Fulbright ta Amurka, da Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai. Da yawansu suna rufe karɓar takardu kusan shekara guda kafin a fara karatu. Idan ana buƙatar IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci, sakamakonta shekara biyu yake aiki, kuma jami'o'i da yawa suna neman maki 6.5 daga cikin 9, don haka kada ka yi ta da wuri har ta lalace kafin ka buƙace ta.

Mataki na takwas: takardar bayanin kai da intabiyu

CV ɗin mai farawa shafi ɗaya ya isa. Manyan kamfanoni suna amfani da manhajar da ke tace takardu kafin ɗan Adam ya gani, saboda haka ka bar ado da zane-zane, ka yi amfani da kalmomin da ke cikin tallan matuƙar gaskiya ne ka iya abin. Kowane aiki ka gyara masa takardarsa. Babban gyaran shi ne ka daina lissafa muƙamai, ka faɗi abin da ya canza saboda kai. Dubi bambancin waɗannan layuka biyu. Na farko: "Na yi sakataren ƙungiyar ɗalibai." Na biyu: "Na mayar da rijistar mambobi 300 daga littafi zuwa Excel, abin da ya rage aikin tantance masu zaɓe daga kwana biyu zuwa awa uku." Mutum ɗaya ne, aiki ɗaya ne, amma na biyun ne za a kira. Sai dai kowace lamba da ka rubuta ta zama gaskiya, domin za a tambaye ka a kanta, kuma ƙarya a takardar neman aiki tana iya korar mutum ko bayan shekaru.

Kafin intabiyu, ka karanta komai game da wurin: me suke sayarwa, su waye abokan gogayyarsu, me ya same su a shekarar nan. Ka shirya labarai biyar ko shida daga rayuwarka: lokacin da ka warware matsala mai wuya, lokacin da kuka saɓa da abokin aiki, lokacin da ka yi kuskure, lokacin da ka jagoranci wasu. Kowane labari ka tsara shi gaɓa huɗu: halin da ake ciki, abin da aka ɗora maka, abin da kai ka yi, da yadda ta ƙare. Ka fi daɗewa a gaɓa ta uku, kuma ka ce "na yi" a inda kai ka yi, domin kai ake son ɗauka, ba ƙungiyarku ba. Ka gwada faɗin su da baki a gaban wani, ko ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, har kowanne ya tsaya a minti biyu. Idan aka yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka bayyana yadda za ka bi ka gano. Idan ta bidiyo ce, ka gwada intanet da sauti da haske tun ana saura awa guda.

Ka kiyayi masu damfara. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi kafin ya ba ka aiki, ko da sunan rijista ko horo ko kayan aiki, kuma ba ya neman lambar sirrin asusunka.

Mataki na tara: albashin farko da shekarun farko

Idan aka yi maka tayi, ka yi godiya, ka nemi a ba ka shi a rubuce, ka roƙi kwana biyu ka duba. Kafin nan ka riga ka binciki abin da ake biyan irin wannan matsayi, daga Glassdoor, shafin da ma'aikata ke bayyana albashinsu, daga rahoton ƙungiyoyin ƙwararru, da bakin mutanen da ka sani a fannin. Idan tayin ya gaza, ka faɗa cikin ladabi: ga abin da bincikena ya nuna, ga abin da zan kawo, ko akwai damar a duba? Wannan tambaya tana da nauyi saboda ƙarin albashi yawanci kaso ne na abin da kake karɓa. Wanda ya fara da 100 da wanda ya fara da 110, idan ana yi wa kowannensu ƙarin kashi 5 cikin ɗari duk shekara, bayan shekara goma na farko yana kusan 163, na biyu yana kusan 179. Ke ƙanwata, wannan ya shafe ki musamman: kada kunya ta sa ki karɓi abin da ya gaza darajar aikinki.

Ka duba abin da ke bayan albashin ma: fansho, inshorar lafiya, hutu, alawus, kuɗin horo, tsawon lokacin gwaji, da wa'adin sanarwa idan za ka bar aiki. A aikin farko, wurin da za ka koyi abu da yawa ƙarƙashin shugaba mai koyarwa yakan fi wurin da ya ɗara shi albashi kaɗan amma za a ajiye ka kana maimaita abu ɗaya.

Daga ranar da ka fara, ka buɗe fayil na kanka, ba a kwamfutar ofis ba, kuma ba tare da kwafar sirrin kamfani ba. Duk ƙarshen mako ka rubuta layi biyu ko uku: abin da ka kammala, abin da ya rage wa wurin kashewa ko ya ƙara masa samu, da yabon da wani ya yi maka a rubuce. Da wannan fayil za ka shiga zaman duba ƙwazo na ƙarshen shekara, da shi za ka sabunta CV. Sau ɗaya a shekara kuma ka sake tara tallan aiki ashirin na matakin da ke sama da naka, ka ja layukan nan uku, ka ga abin da ya tara alamomi wanda ba ka iya ba tukuna, ka sa shi a jadawalin koyonka na wata shida masu zuwa.